Abu Zaidu a Zauren Kabara



Sharhinmu na yau a kan littafi ne, amma bari in fara da wata 'yar rigima da na tarar a unguwar Kabara makon jiya, bayan sallar la'asar. Na je gai da wani dattijon malami, abokin mahaifina, irin mutanen nan da suka shafe shekara 50 a kan buzu ɗaya, ɗalibai na zuwa suna ɗaukar karatu suna tashi. Na iske zauren ya yi tsit. Ɗan ƙanwata, wanda yake ɗaukar Risala a wurinsa, ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da kazar maƙwabta. Ashe jaka ya buɗe zai ciro littafin karatu, sai wani ɗan littafin hikaya ya faɗo a gaban Malam. Malam ya ɗauka, ya juya shi, ya ce mene ne a ciki? Yaro ya ce labari ne. Malam ya ce ya faru? Yaro ya ce a'a, ƙirƙirarsa aka yi. Malam ya ce to, ƙarya ke nan aka yi wa bango, aka sa mata kuɗi.

Ban ce uffan ba, don ba a shiga tsakanin malami da almajirinsa. Sai da aka aiki yaron sayo goro, na dubi tulin littattafan da ke gefen buzu. Na saman su kuwa Makamatu ne, bugun Misira mai rawayar takarda, gefensa cike da rubutun Malam. Na ce, Allah gafarta Malam, abubuwan nan da Abu Zaidu ya yi a cikin Makamatu, sun faru? Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi dariya har da tari. Ya ce, kai dai ba ka rabu da tsokana ba tun kana yaro, ai wannan don lugga muke karanta shi.

Ga wanda bai san Makamatu ba, littafi ne na Hariri, mutumin Basra ta ƙasar Iraƙi, wanda ya rasu a 1122. Makama 50 ce a ciki, kowace da labarinta. Gwarzon littafin wani tsoho ne, Abu Zaidu, mai baki kamar zuma. Yau ya tsaya cikin taro ya yi wa'azi har mutane su zubar da hawaye su cika masa aljihu, dare na yi a same shi a wurin shagali. Gobe ya je gaban alƙali da ɗansa, su shirya rigimar ƙarya, alƙali ya tausaya ya ba su kuɗi. Mai ba da labarin, Harisu ɗan Hammamu, duk garin da ya sauka sai ya ci karo da shi cikin sabuwar shiga, sai zance ya yi nisa ya gane mutumin nan ne dai. Hariri ya san za a zarge shi da ƙarya, shi ya sa tun a gabatarwa ya kare kansa, ya kwatanta aikinsa da labaran da ake sa wa dabbobi a baki don a koyar da mutane. Shekara 900 ke nan malamai suna karantar da wannan ɗan damfara a zaure, daga Bagadaza har Timbuktu har Kano, kuma ba a ɗaukar mutum ya ƙoshi da Larabci sai ya bi ta kansa.

Ba a banza na ambaci Timbuktu ba. Sunan Kabara daga can ya zo. Kabara ta asali ita ce tashar jiragen ruwan Timbuktu a bakin Kogin Kwara, daga can Malam Umaru Kabara ya taso ya zauna a Kano, unguwar ta ɗauki sunan. Timbuktu kuwa garin Ahmadu Baba ne, malamin da mayaƙan Maroko suka kama suka kai Marrakesh a 1594, wanda ya yi kukan an wawashe masa littattafai 1,600, kuma ya ce nasa ne mafi ƙanƙanta a cikin danginsa. Daga tsatson Malam Umaru nan Shaihu Nasiru Kabara ya fito, wanda ya rasu a 1996, ya bar tafsirin Alƙur'ani da Hausa, Ihsanul Mannan, ya bar ɗakin littattafai a Gidan Ƙadiriyya. To a irin wannan unguwa, tambayar me ya kamata a karanta ba ta wasa ba ce. Ni kuwa amsata ita ce, wannan katangar da muka gina tsakanin littafin ilimi da littafin labari, mu muka gina ta, kuma mai karatun da ya tsaya a gefe ɗaya da ƙafa ɗaya yake tafiya.

Ku dubi yadda ƙagaggen labari na boko ya fara a ƙasar Hausa. A 1933 wani Bature, Dokta Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya garuruwa yana neman malamai su rubuta labarai da Hausa. Daga baya ya rubuta cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malaman, don a wurinsu labarin da bai faru ba tatsuniya ce, aikin mata da yara. Maganar Malam ta makon jiya ke nan, ba ko ƙari. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya san Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda gwarzon labarin, Alhaji Imam, ba ya sauka a gari sai ya gamu da shi, su yi ta ɗana wa juna tarko. Wa wannan ya tuna muku? Imam da kansa ya faɗa cewa ya ɗebo daga Makamatu. Wato Malam Zurƙe jikan Abu Zaidu ne, daga zaure ya fito ya shiga aji.

Saboda haka idan matashi ya tambaye ni me zai karanta, ba na ba shi littafi ɗaya. Biyu nake haɗa masa, ɗaya wanda ya faru, ɗaya wanda aka ƙaga, a kan magana guda. Kuma haɗin da na fi so a duk abin da aka rubuta a ƙasar nan shi ne Shaihu Umar da labarin Baba ta Karo.

Shaihu Umar ɗan siririn littafi ne, ana iya gama shi tsakanin isha'i da tsakar dare. Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta a Bauci, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista. Wani malami ne ɗalibansa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari: an sace shi yana yaro, ya bi ta hannu-hannu, har wani Balarabe ya ƙetara Sahara da shi. Amma ba Umar ne yake hana ni barci ba, uwarsa ce. Ta bar gida neman ɗanta, a hanya ita ma aka yaudare ta aka sayar, aka kai ta Murzuk, aka kai ta Tarabulus. Ba a yi mata dogon bayani ba, marubucin bai tsaya yin kuka a madadinta ba, kawai yana faɗin abin da ya same ta ɗaya bayan ɗaya cikin sanyin murya, wannan sanyin kuwa shi ne yake shiga jiki. Daga Kabara zuwa Kasuwar Kurmi tafiyar ƙafa ce. A wannan kasuwa an sayar da mutane. Mun san haka a tarihi, muna faɗinsa kamar yadda muke faɗin an sayar da fata da kanwa. Sai ka bi matar nan zuwa Murzuk kafin maganar ta yi maka nauyin da ya kamata.

Ita kuwa Baba mutum ce da ta rayu da gaske. An haife ta a 1877, ta tashi a Karo kusa da Zarewa, ta rasu a 1951. A tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa, littafin ya fito da Turanci a 1954, daga baya aka buga Hausar da ta fito daga bakin Baba. Tsohuwa ce da ba ta yi boko ba, amma ban san wani littafi da ya kai nata nuna yadda gidan Bahaushe yake kafin zuwan Turawa ba. Ta ba da labarin rinjin gidansu da bayin da ke ciki, da yadda mahara suke ɗauke mata a gona a yi ta neman kuɗin fansa, da aurenta huɗu, da rashin haihuwarta da 'ya'yan da ta riƙa, da ƙawance da zaman kishi da bori. Ba ta yi wa kowa ado ba, har kanta. Tafawa Ɓalewa ya sa ka ji zafin abin, Baba ta gaya maka yadda aka yi shi, wa ya saya, wa ya biya, me aka dafa a ranar. Ka karanta ɗaya ka bar ɗaya, rabin labari ka ji.

Ga mutumin cikin gari kuma, abin kunya ne ya wuce ta Ƙofar Kudu kullum bai taɓa buɗe tarihin sarakunan Kano ba. Ina nufin tsohon littafin nan na Larabci wanda marubucinsa bai sa sunansa ba, wanda ya faro daga Barbushe da Dutsen Dala, ya bi ta kan Bagauda da Gijimasu mai fara ganuwa, da Yaji wanda Wangarawa suka zo a zamaninsa, da Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya gina gidan da Sarki yake ciki har yau, ya kafa Kurmi. Wani Bature, Palmer, ya mayar da shi Turanci a 1908, Hausarsa tana cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, sannan Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari a 1958 cikin Hausa mai daɗin ji. Abin da yake burge ni da tsohon marubucin nan shi ne rowar yabonsa. Sarki ya yi shekaru a kan gado, ya sallame shi da layi biyu. Wani kuma ya faɗi zaluncinsa a fili ya wuce. A nan ma dai, farkon littafin, wurin Tsumburbura da Barbushe, ba za ka iya zare tarihi daga hikaya ba ko da allura.

Wanda ya gama wannan ya nemi Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A nan Kano ya rubuta shi. Ya baro fagen jihadi ransa a ɓace, don ya ga wasu sun fara karkata ga dukiya da mulki, ya nufi gabas, Kanawa suka tare shi suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki bisa shari'a. Littafin mutum ne da ya ga juyin juya hali yana shirin cin amanar kansa. Abokin tafiyarsa a wurina, kada ku yi dariya, Gandun Dabbobi ne. George Orwell ya fitar da shi da Turanci a 1945, Bala Funtuwa ya mayar da shi Hausa a 1975. Dabbobi sun kori mai gandu don su huta da zalunci, aladu suka karɓi ragama, a hankali suka koma abin da aka kora. Malam Abdullahi ya faɗa da aya da hadisi, Orwell ya faɗa da alade da doki. Hariri da ya kare kansa da labaran dabbobi, da ya ga wannan da ya gyaɗa kai.

Yanzu ga inda aka fi yi mini gardama: littattafan soyayya, waɗanda aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano. Irinsu ne ya faɗo daga jakar yaron nan. Ba zan ce duk suna da kyau ba. Da yawansu an ja labarin shafi 60 ya zama littafi na ɗaya da na biyu da na uku don a sayar sau uku, ga Hausar ba ƙa'ida, ga kowace budurwa fara ce mai dogon hanci, kowane saurayi yana da mota. Yanzu da abin ya koma cikin waya, ana turo shi shafi-shafi a WhatsApp, ba mai dubawa kafin ya fita, har wasu sun zarce inda ba a faɗa a rediyo. Iyaye suna da hujjar damuwa. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a wata makarantar 'yan mata a jihar nan.

Amma wutar ba ta tantance ba. A cikin wannan tulin ne Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fito, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, ta dawo ta nemi ilimi da girmanta. Ku nemi Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990. Rabi ce, matar wani ɗan kasuwa, da 'ya'ya 9. Maigida ya ga sabuwa, ya kore ta da yaran, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Babu alƙalin da ya zauna a kotun cikin gari wata guda bai ga Rabi ba, babu mai unguwar da bai san gidan ba. Littafin fiƙihu yana gaya maka hukuncin ciyarwa da na saki, kuma dole a san shi. Balaraba tana nuna maka abin da yake faruwa a tsakar gida ranar da aka taka hukuncin, wa ya kwana da yunwa, wace yarinya aka fasa kai wa makaranta. Wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci a 2012, Aliyu Kamal ya fassara. Mutanen Indiya sun ga abin karantawa a ciki, mu muna nan muna tambaya ko ya faru. Kafin ita akwai Hafsat Abdulwaheed da So Aljannar Duniya a 1980, bayanta ga Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, wanda ya zaga gidajen Kano hannu-hannu har bango ya yage. Ga kuma Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci a garin kan iyaka, wanda aka rubuta fiye da shekara 40 da suka wuce amma kamar jiya aka ɗauko shi daga jarida.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka kira littafin ilimi ya tsira. Ku tsaya a kowace mahaɗar titi, za a miƙo muku ta taga: sirrin yin arziki cikin kwana 40, fassarar mafarki wadda ba a san mai ita ba, maganin kowace cuta a shafi 20. Waɗannan ba su ce ƙirƙira ba ne, sun ce gaskiya ne, shi ya sa suka fi littafin soyayya haɗari. Mai labari tun a bango ya gaya maka ƙagawa ya yi.

Wani abu kuma da Kabara ta koya mini, ko da yake na san maganar tana da ƙaiƙayi. A 1972 Shaihu Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa al-Aƙidatus Sahiha yana sukar ɗariƙu. Malam Nasiru Kabara ya mayar masa da martani, kuma da littafi ya mayar. Ba shiga tsakaninsu zan yi ba, ni wa? Abin da nake so matasa su lura da shi shi ne, kafin ka rubuta raddin littafi sai ka zauna ka karanta shi daga farko har ƙarshe. Yau muna raddin abin da muka ji daƙiƙa 30 daga cikinsa a waya.

Inda muka gaza ƙwarai shi ne kimiyya. Tun Ikon Allah, wanda East da Imam suka rubuta a kan halittu da sararin sama, ba mu tara abin kirki da Hausa ba wanda yaro zai karanta don jin daɗi, ba don jarrabawa ba. Abin mamaki, mai labari ne ya yi ƙoƙarin cike giɓin: a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya. Likitocinmu da injiniyoyinmu da suke cika Facebook da rubutu, ga aiki nan yana jiran ku.

Samun littattafan ma wani aiki ne. Na Larabci suna nan a Kurmi, ba su taɓa yankewa ba, don zaure bai taɓa daina nema ba. Na boko kuwa, waɗanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga, na littattafai nake nufi ba na man fetur ba, sai an sa su a manhajar jarrabawa suke bayyana a kasuwa, a cire su su ɓace. Sauran sai a Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad, ko a akwatin wani tsohon malamin firamare, in gara ba ta riga ka ba. Wanda yake son sanin me aka taɓa rubutawa da Hausa tun daga ajami, ya nemi Hausa a Rubuce na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, ya riƙe shi kamar taswira.

Shekaranjiya na koma Kabara da nawa kwafin Shaihu Umar, na ba ɗan ƙanwata. Ya ce, Kawu, so kake a sake kama ni? Na ce a gaban Malam za ka karanta. Malam ba ya jin daɗin karatun boko, idon ma ya yi rauni, ya ce to a karanta ya ji irin ƙaryar. Yaro ya fara. Da aka zo wurin ayari, Malam ya tsayar da shi, ya shiga ba mu labarin Larabawan Tarabulus da suka zauna a Dandalin Turawa, da abin da kakansa ya gaya masa na fataken da suke tafiya wata da watanni a cikin rairayi. Aka ci gaba. Ana cikin labarin uwar Umar aka kira magariba. Yaro ya rufe littafi, muka miƙe. Malam yana neman takalminsa da ƙafa, bai dubi kowa ba, ya ce da yaron, gobe in ka gama Risala kada ka tafi da wannan gida, ka bar shi nan ƙarƙashin Makamatu. Sannan ya juyo gare ni ya ce, kai da ka karanta, matar nan ta ga ɗanta kuwa?

Na ce, Allah gafarta Malam, ai bai faru ba.

Ya ɗaga carbi kamar zai make ni, muka fita masallaci.